Editar Mujallar Abinci: Amsa Daga Rayuwar Toni Tipton-Martin

Tambaya: Ina aji uku a jami'a, aikin jarida nake karantawa, kuma ba abin da nake so kamar girki. Na ji ana cewa a wasu ƙasashe akwai masu riƙe da muƙamin editan mujallar abinci, har su riƙa wallafa littattafan girki. Mene ne ainihin aikinsu? Sai mutum ya zama gwanin kuku? Akwai wadda zan dubi rayuwarta in yi koyi da ita?

Amsa: Ƙanwata, sana'a ce, kuma reshe ce ta aikin jaridar da kike karantawa. Ana so ki iya girki, domin wadda ba ta taɓa tsayuwa gaban murhu ba, ba za ta gane kuskure a rubutun wata ba. Amma ba don iya girkin ake biyan edita ba. Ana biyanta ne don ta tsaya ta tabbatar abin da aka buga gaskiya ne, kuma gaskiyar a wannan fage kashi biyu ce. Na farko, idan mai karatu ta bi bayanin a madafarta, da kuɗin cefanenta, abincin zai fito yadda aka yi mata alkawari. Na biyu, an faɗi daga inda girkin ya fito da wanda ya koyar da shi. Yawancin editoci a na farkon suke tsayawa. Matar da zan ba ki labarinta ta shafe mafi yawan shekarun aikinta a kan na biyun, shi ya sa na zaɓe ta, ko da yake akwai waɗanda suka fi ta suna.

Toni Tipton-Martin baƙar fata ce 'yar Amurka. An haife ta a 1959, ta tashi a birnin Los Angeles, ta gama karatun aikin jarida a Jami'ar Kudancin California a 1981. Ki lura, ba makarantar koyon girki ta yi ba. A farkon shekarun 1980 ta shiga jaridar Los Angeles Times, aka ba ta rubutu kan abinci mai gina jiki. A wancan zamani manyan jaridun Amurka kan fitar da sashen abinci mai kauri kowane mako, saboda manyan kantunan cefane a nan suke zuba tallarsu, kuma jaridar tana da madafarta ta gwaji inda ake dafa abu kafin a buga bayaninsa. A nan ta koyi ladabin sana'ar. A ƙarshen zamanta can, Ruth Reichl ce shugabar sashen, wadda daga baya ta riƙe mujallar Gourmet. A 1991 Toni ta koma jaridar Plain Dealer ta birnin Cleveland a jihar Ohio a matsayin editar abinci, ta zama baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan kujera a wata babbar jaridar kullum a ƙasar.

Abin da ya hana ta sakat ya fara ne tun daga teburin aikin. Littattafan girki suna ta zuwa, musamman na abincin jihohin kudu na ƙasar Amurka, wanda kowa ya san hannun baƙar fata ne ya daɗe yana dafa shi, amma da wuya ka ga sunansu a bango. Idan sun bayyana, to a hoto ne ko a zane: wata mata mai jiki, da ɗankwali a ka, tana ta murmushi, ba suna, ba tarihi. Wannan siffa tana da asali. A 1889 wasu 'yan kasuwa biyu a garin St. Joseph na jihar Missouri suka fara sayar da haɗaɗɗen garin wata wainar fulawa da Amurkawa ke karyawa da ita, suka sa masa suna Aunt Jemima, sunan da suka ɗauko daga waƙar masu wasan kwaikwayon da ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata. A babban baje kolin duniya da aka yi a Chicago a 1893, aka ɗauki Nancy Green, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Kentucky a 1834, ta riƙa soya wainar a gaban jama'a da sunan Jemima. Fuskar kwali ta shiga kowane gida, ita kuwa Nancy Green da ta rasu a 1923, kabarinta ya zauna ba ko alama sai a 2020.

Saƙon da wannan hoto ke isarwa shi Toni ta sa wa ido. Yana cewa baƙar mace ta iya girki, amma da shi aka haife ta; ba koyo, ba lissafi, ba tunani, hannu ne kawai. A sama yabo ne, a ƙasa kuwa ƙwace ne, domin idan abu ba ilimi ba ne, to ba shi da malami, ba shi da mai shi, kuma kowa na iya ɗauka ya rubuta da sunansa. Ni wannan wurin ne ya fi taɓa ni a duk aikinta, don mu ma muna yi. Sai a ci miyar Inna a ce kai, hannunta da daɗi, a wuce. Ba mai tambaya me ya sa take soya daddawarta kafin ta zuba ruwa, ko ta yaya take gane tuwo ya nuna tun kafin ta buɗe tukunya, ko wa ya koya mata. Alhali shekara arba'in ta yi tana lura, tana gyarawa, tana ajiye sakamako a kanta.

A Amurka akwai dalilin da ya sa rubutun ya yi ƙaranci. Jihohin Kudu da dama sun haramta koya wa bayi karatu da rubutu, kuma dokokin sun ƙara tsanani bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831. Saboda haka kuyanga ce ke dafawa, uwargida ce ke rubutawa. Littafin Mary Randolph mai suna The Virginia House-Wife, na 1824, wanda ake lissafawa cikin mafi tasiri a girkin Kudu, yana ɗauke da miyar kuɓewa da girkin wake, kayan da suka tsallaka teku daga Afirka. Sunan da ke bango na farar mace ne.

Toni ba ta tsaya a ƙorafi ba, sai ta yi abin da ɗan jarida ke yi, ta tafi neman shaida. Ta shiga sayen duk wani littafin girki da baƙar fata ya rubuta, daga shagunan tsofaffin littattafai da gwanjon intanet, da kuɗin aljihunta, shekara da shekaru, har ta tara fiye da 300. Wasu manya ne masu bango mai kauri, wasu 'yan ƙananan takardu ne da matan coci suka haɗa don tara kuɗin gini. Bari in tsaya kan uku daga cikin tsofaffin da ta yi nazari, don su ne ƙashin bayan hujjarta.

Na farko na Robert Roberts ne, The House Servant's Directory, wanda aka buga a Boston a 1827. Roberts shi ne shugaban barori a gidan Christopher Gore, tsohon gwamnan Massachusetts. Littafin jagora ne ga matasa masu shiga aikin gidan manya: yadda ake shirya teburin baƙi, yadda ake goge azurfa da gilashi, yadda ake sayen kaya a kasuwa, har da yadda ake zama da maigida ba tare da zubar da mutunci ba. Wanda ya karanta shi ya san mai tsara aiki ne ke magana, mutumin da ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa.

Na biyu shi ne na Malinda Russell, A Domestic Cook Book, ɗan littafi mai shafi 39 da ta buga da kanta a garin Paw Paw na jihar Michigan a 1866. 'Ya ce, ba baiwa ba, an haife ta a Tennessee. Tana budurwa ta yi niyyar ƙaura zuwa Laberiya, wani abokin tafiya ya sace mata guzuri, ta maƙale a Virginia ta kama aikin girki. Ta yi aure, mijin ya rasu ya bar ta da ɗa mai naƙasa. Ta koma Tennessee ta buɗe shagon kek da kayan fulawa, ta tara abin hannunta, sai 'yan bindiga suka yi mata fashi a 1864 ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, ta gudu jihohin Arewa. Littafin ma don ta sami kuɗin komawa gida ta rubuta shi. Mafi yawan abin da ke ciki kek ne iri-iri da kayan zaƙi da 'ya'yan itace da aka dafa da sukari don ajiya, girkin gwanaye, ba abincin yunwa ba. Abin da ya fi burge ni yana cikin gabatarwar: ta ce wurin Fanny Steward ta koyi sana'ar, wata baƙar kuku ta Virginia. Matar da ta rasa komai sau biyu, da ta sami alƙalami, ba ta manta da sunan malamarta ba. Littafin ya ɓace wa duniya fiye da shekara 130, sai wajen 2000 wata mai tara tsofaffin littattafan girki, Jan Longone, ta same shi, yanzu yana Jami'ar Michigan.

Na uku na Abby Fisher ne, wanda kafin a gano na Malinda ake ɗauka shi ne na farko daga hannun baƙar mace, wato What Mrs. Fisher Knows About Old Southern Cooking na 1881. Ita an haife ta cikin bauta a South Carolina, bayan 'yanci ta isa San Francisco ta kafa sana'ar tsimin kayan lambu da miyar kwalba, har ta ci lambobin yabo a baje koli. Ba ta iya karatu da rubutu ba, kuma ta faɗi haka a gabatarwa. Baki ta faɗa aka rubuta mata. Daga nan sai jerin ya yi ta tsawo: Rufus Estes, kukun jirgin ƙasa na kamfanin Pullman, a 1911, Lena Richard ta New Orleans, mai makarantar girki, wadda ta yi shiri a talabijin tun 1949, Freda DeKnight, editar abinci ta farko a Ebony, mujallar baƙar fatar Amurka, da littafinta na 1948. Ashe ma Toni tana da magabata a kan kujerar edita.

Sakamakon wannan tono shi ne The Jemima Code, wanda maɗaba'ar Jami'ar Texas ta fitar a 2015. Ya bi littattafai fiye da 150 ɗaya bayan ɗaya, da hoton bangonsu, da bayanin ko wane ne marubucin da irin gwanintar da aikinsa ya nuna. A 2016 ya ci lambar James Beard, wadda ita ce mafi daraja a harkar abinci a Amurka. Ki yi lissafi, ƙanwata: daga hawanta kujerar edita a Cleveland zuwa fitowar littafin shekara 24 ne, kuma tana da shekara 56 lokacin. A tsakani ba zama ta yi ba. A 1998 sun fitar da littafi tare da wani gwanin kuku, Joe Randall. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nazarin abincin Kudu ta Southern Foodways Alliance a 1999, daga baya ta shugabance ta. Amma shekaru ne na aiki ba tare da babban ofis ba, kuma duk mai gaya miki wannan hanya tana da saurin biya, bai gaya miki gaskiya ba.

Littafi na biyu, Jubilee, na 2019, shi ne na girki sosai, kuma a nan za ki ga yadda edita ke aiki da hannunta. Idan ta ɗauki abinci guda, sai ta jera yadda marubuta daban-daban suka yi shi a tsawon shekaru, ta ga abin da suka haɗu a kai da inda kowa ya saki hanya, sannan ta shiga madafa ta gwada har ta fitar da awo guda da mai obin na zamani zai iya bi. Sau da yawa takan buga tsohon bayanin a gefe, da sunan mai shi da shekarar, don mai karatu ya ga tushen da idonsa. Hujjarta a littafin ita ce an ƙuntata girkin baƙar fata ga abin da aka yi wa laƙabi da abincin ruhi a shekarun 1960, wato ganye da kayan ciki da ragowar da aka bar wa bayi. Ba ta raina wannan abinci ba, gadon wahala ne kuma yana da darajarsa. Cewa ta yi ba shi kaɗai ba ne: akwai masu dafa abincin biki na Philadelphia da suka yi arziki da sana'ar, akwai kukun otal da na jirgin ƙasa, akwai malaman koyar da tattalin gida, akwai James Hemings, bawan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da ya koyi girkin Faransa a birnin Paris. Jubilee ma ya ci lambar James Beard a 2020.

Idan kika buɗe irin waɗannan littattafai za ki yi ta cin karo da 'yan gida. Waken nan mai baƙin ido asalinsa Afirka ta Yamma ne, kuma har yau Najeriya da Nijar ne kan gaba wajen noma shi a duniya. A South Carolina ana dafa shi da shinkafa ranar sabuwar shekara. Kuɓewa ce ke kaɗa miyar gumbo ta Louisiana. Riɗi ana yin alawarsa a birnin Charleston na South Carolina. Amma ki yi hattara a nan, don wurin yana da santsi. Mutanen da aka kwashe bauta zuwa Amurka sun fito daga Senegal har Angola, kuma ba kowane kwanon wake ne za a ce daga Kano ya taso ba. Edita ta gari takan faɗi iya abin da shaida ta kai, ta yi shiru a kan saura.

A watan Satumba na 2020 aka naɗa ta babbar editar mujallar Cook's Country, ta kamfanin America's Test Kitchen da ke Boston. Tana da shekara 61. Shekarar ce wani ɗan sanda farar fata ya kashe wani baƙar fata, George Floyd, ƙasar ta ɗauki zafi, babban editan mujallar abinci ta Bon Appétit ya sauka bayan ma'aikata sun koka da nuna bambancin launi, kamfanin Quaker Oats kuma, mai garin wainar nan a lokacin, ya sanar zai ajiye sunan Aunt Jemima, wanda a 2021 ya koma Pearl Milling Company. Wasu za su ce iskar lokaci ce ta kai ta kujerar. Ni ina ganin lokacin ya buɗe ƙofa ne kawai. Da ba ta riga ta yi aikin shekara talatin ba, da ba a sami wadda za a kira ba. A 2021 aka ba ta lambar Julia Child, mai ɗauke da kyautar dala 50,000.

Yanzu ga ainihin tambayarki, me edita ke yi daga safe zuwa yamma. Mujalla tana rayuwa ne watanni gaba da kalanda. Fitowar bikin godiya da Amurkawa ke yi a Nuwamba, da zafin bazara ake dafa abincinta. Edita ce ke zama da ma'aikata a tsara me zai shiga kowace fitowa, wa zai rubuta, wa zai tafi wane gari ya zauna da masu dafa abin a inda ake yinsa, nawa za a kashe. Ita ke karanta kowane layi, ta mayar wa marubuci da tambaya: wa ya gaya maka wannan, ka gani da idonka ko ji ka yi? Ita ke duba hoto ta ce wannan ya fi abin da zai fito a tukunyar mutane kyau, a sake. A gidan da Toni ta shiga, girki guda akan dafa shi sau da dama, ana canza abu ɗaya kowane zagaye, a ɗanɗana, a yi gardama. Bayan nan sai a aika wa masu gwaji na sa-kai a gidajensu, kuma ƙa'idarsu ita ce sai kashi 80 cikin 100 sun ce za su sake dafawa kafin a buga. Abin da ta ƙara wa wannan tsari shi ne mutane: a mujallar da kuma shirinsu na talabijin, ta riƙa kawo tarihin abincin da na waɗanda suka raine shi.

Don ki ga nauyin gwajin, ɗauki ɗanwake. Ki tambayi gwana, za ta ce miki garin wake, garin rogo, kuka, ruwan kanwa, a kwaɓa, a jefa a tafasasshen ruwa, in ya taso a tsame. Duk gaskiya ne, amma amaryar da ba ta taɓa yi ba, ba za ta fita da wannan ba. Gwangwani nawa na wake a kan nawa na rogo, kuma wane gwangwani, na madara ko na tumatir? In an ce mudu, na wace kasuwa, tunda na wani gari ya fi na wani, a Nijar kuma da tiya ake awo? Wace kanwa, ungurnu ko ja, tunda ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma a ruwa nawa aka jiƙa ta? In kuka ta yi kaɗan, ɗanwaken zai watse a tukunya. In kanwa ta yi yawa, zai yi duhu ya yi ɗaci. Yaya kaurin ƙullun zai kasance a tsakanin yatsu? In ya taso, minti nawa za a ƙara masa don cikin ya nuna? An gargaɗe ta cewa tukunyar za ta yi kumfa ta zubo in an rufe ta ruf? Edita za ta tsaya kusa da gwanar da ma'auni da agogo, kafin ta zuba abu a auna, bayan ta zuba a auna ragowar. Sannan ta koma ta dafa da kanta, sannan ta miƙa takardar ga wadda ba ta iya ba, ta koma gefe ta kame bakinta. Duk inda yarinyar ta tsaya tana waige-waige, a nan rubutun yake da rami.

Ina da ja guda da tsarin Amurkawan. Son fitar da hanya ɗaya a ce ita ce mafi kyau yakan danne bambancin gida da gida. Ɗanwaken da aka sa wa fulawa da wanda aka sa wa dawa duk ɗanwake ne, kowanne da dalilinsa, wani na tsada ne, wani na abin da gona ta bayar. Awo amfaninsa ya taimaki mai koyo, ba ya zama alƙalin da zai ce kakar wani ta yi kuskure ba. Hanyar Toni ta jera tsofaffin bayanai kusa da nata ta fi kusa da adalci.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika koya muku a aji ba. Mujallar Gourmet ta fara fita a 1941, ta zama uwa a fagen. A Oktoban 2009 kamfanin Condé Nast ya rufe ta, alhali tana da masu biyan kuɗin karɓa kusan miliyan guda. Masu karatu ba su gudu ba; masu talla ne suka janye bayan karyewar tattalin arziki ta 2008, kuma da kuɗinsu aka gina gidan. Cook's Country kuwa, wadda aka fara a 2005, da yayarta Cook's Illustrated ta 1993, an kafa su ne ba tare da talla ba, mai karatu ne ke biya. Shi ya sa suka iya gwada tukwane ko man girki na kamfanoni su ce wannan bai yi ba. Wannan darasi ya shafe ki kai tsaye. A wajenmu shirye-shiryen girki da yawa masu sayar da dunƙulen ɗanɗano ne ke ɗaukar nauyinsu. Ba haramun ba ne, kuma sun taimaki mata da dama sun sami abin yi. Amma ranar da za ki rubuta miyar kuka ta gargajiya, wadda daddawa ce ginshiƙinta, za ki ji matsin a sa abin da ba ya ciki. Ki san tun yanzu wa kike yi wa aiki, kuma in an biya ki don ki ambaci kaya, ki faɗa wa mai karatu an biya ki.

Akwai inda ba za ki iya bin sawunta kai tsaye ba. Ita ta sami littattafai ta tara. Ke kaɗan za ki samu. Akwai ɗan abin tsinta a rubutun matafiya irin su Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851, akwai labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, inda rayuwar mata a cikin gida ta fito fili. Sauran yana kan mata masu rai: mai waina ta bakin tasha, mai fura, mai alkaki da nakiya da ake kira in za a yi gara, tsohuwar da har yanzu ita ke dafa kalwa ta yi daddawar unguwa. Halinki ya fi kama da na waɗanda suka zauna gaban Abby Fisher da alƙalami. Ki je musu da ladabi, ki gaishe su, ki faɗi abin da za ki yi da maganarsu, ki nemi izinin sa suna, don wata ba za ta so sunanta ko hotonta ya fita ba, kuma haƙƙinta ne. In sana'arta ce, ki tambaye ta abin da ba ta so a bayyana, ki bar mata shi. In littafi ya kawo kuɗi, ta ga rabonta.

Kafin ki gama makaranta, ki nemi ƙaramin sikeli na madafa da kofin awo, ki koyi ɗaukar hoto da waya a hasken rana, ki riƙa ɗaukar murya in kina hira don kada ki dogara da tunawa. Ki zaɓi abinci biyar na gidanku, ki rubuta kowanne har sai ƙawarki da ba ta iya ba ta dafa shi daidai ba tare da ta kira ki ba. A saman kowanne ki sa sunan wadda ta koya miki, da garinsu, da wadda ita ma ta koya a wurinta in ta tuna. Su za ki kai wa editan jarida ko shugaban gidan rediyo ranar da za ki nemi a ba ki fili.